Daga Shaihu Umar zuwa Mai Martaba: yadda fim ɗin Hausa ke kallon tarihi

A shekarar 2018 aka haska wani fim ɗin Hausa a bikin fina-finai na birnin Balin da ke Jamus, wanda akasarin masu kallon Kannywood ba su taɓa gani ba. Sunansa Shaihu Umar, kuma Adamu Halilu ne ya ba da umarninsa tun 1976, shekara 14 kafin fitowar Turmin Danya.

An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓace, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus.

Labarin daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Umar yaro ne da aka sace yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗansa, har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita a hanya. Ba ta jima da ganinsa ba ta rasu.

Wanda ya saba da kallon fim a waya zai iya ƙosawa. Fim ɗin ya haura awa biyu, yana tafiya a hankali, kuma wasu wurare sun fi kama da wasan dandamali. Ba mamaki, domin Umaru Ladan da ya fito a matsayin Shaihu yana cikin waɗanda suka mayar da littafin wasan kwaikwayo.

Amma ƙarfinsa na nan a abin da ya yarda ya nuna: cinikin bayi a ƙasar Hausa, da makircin fada, da uwar da ta rasa komai. Bai ƙawata wa kowa tarihi ba. Inda ya gaza shi ne inda littafin ma ya gaza, wato saurin lulluɓe zaluncin da ƙaddara. Umar ya samu ilimi da daraja, uwar da ta biya farashin kuwa an wuce ta da sauri.

Mai Martaba, wanda Prince Daniel ya ba da umarni, ya fito a 2024, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar, ko da yake bai samu shiga jerin da aka tace ba. An ɗauke shi a Daura, Adam A. Zango na cikin jarumansa, labarin kuma rikicin gadon sarauta ne a wata masarauta da aka ƙirƙira mai suna Jallaba.

Ta fuskar hoto da sutura da dawakai, ba a haɗa su. An kashe kuɗi, kuma ido ya shaida. Sanya 'yar sarki a tsakiyar rikicin mulki ma abin yabo ne a masana'antar da ta saba barin mata a ɗakin kishiya.

Sai dai masarautar da babu ita a taswira mafaka ce. Ba zuri'ar da za ta ji an taɓa kakanta, ba fadar da za ta yi ƙorafi. Shaihu Umar ya ambaci Kano da sunanta a labarin da ake sayar da mutum. Da wuya a samu furodusan da zai kai irin wannan labari gaban hukumar tace fina-finai a yau.

Akwai kuma batun adanawa. In har fim ɗin da aka ɗauka a kan faifan sinima ya kusa salwanta, ina ga Sangaya da Wasila da ɗaruruwan fina-finan da aka zuba a kaset ɗin bidiyo? Yawancin waɗanda ake samu a YouTube kwafi ne dishi-dishi, sauti na yankewa, wani ma babu ƙarshensa.