Tabon Alƙalamin Maka a Fata: Abin da Ke Cire Shi da Abin da Ba Ya Cirewa

Gabatarwa

Duk ɗalibin kwalejin ilimi da ya taɓa fita aikin koyarwa na gwaji ya san cewa kwali da alƙalamin maka suna cikin kayan da ba a tafiya sai da su. Da su ake rubuta baƙaƙe da wasula, a zana taswira ko sassan jikin ɗan'adam, a manna a bangon aji. A makarantun firamare na garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, inda baƙin allo da alli ke ci gaba da aikinsu, wannan alƙalami baƙo ne mai ɗaukar hankalin yara. Da zarar malami ya juya baya, sai wani ya zana wa kansa agogo a hannu, wani kuma ya yi wa ɗan'uwansa gashin baki. A nan ne kuskure kan faru, domin abin da ya fi saurin zuwa a zuciyar mutane shi ne kananzir ko fetur ko dirza da soso. Malamin da ya fahimci abin da tawadar ta ƙunsa ba zai kai ga haka ba.

Me ya sa ruwa ba ya wanke ta?

Bahaushe ya daɗe da sanin tawada tun kafin zuwan boko. Tawadar allo ana haɗa ta ne da gawayi ko baƙin tukunya, da ƙaro, da ruwa. Ƙaron shi ne ke riƙe baƙin a jikin allo, kuma da yake ƙaro yana narkewa a ruwa, almajiri kan wanke allonsa tas ya sake sabon rubutu. Tawadar maka ma a kan wannan tsari take, wato akwai launi, akwai ruwan da ke ɗauke da launin, akwai kuma wani danƙo da ke manne shi. Bambancin shi ne, ruwan nata ba ruwan sha ba ne, wani nau'in sifirit ne mai saurin bushewa, danƙon nata kuwa ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan. Idan aka yi rubutu, sifirit ɗin yakan bi iska cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya bar launi da danƙo a manne. Irin waɗannan alƙaluma sun fara yaɗuwa ne daga Amurka, inda aka fito da Magic Marker a 1953, sannan Sharpie a 1964. Na farko-farko sun yi amfani da sinadarai masu ƙarfin wari da hawa kai, amma yawancin na yanzu sifirit ne.

Abin lura a nan shi ne, tawadar ba ta shiga cikin jiki. A saman fata take zama, a kan wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta waɗanda jiki ke zubarwa kullum, yana sabunta su cikin kimanin mako huɗu. Gumi da maiƙon jiki su ma suna sassauta ta. Saboda haka ko ba a yi komai ba, tabon kan dushe da kansa cikin kwana biyu zuwa uku. Kalmar “dindindin” da ake danganta wa wannan alƙalami ta fi dacewa da kwali da roba da katako.

Kayan gida da ke cire tabon

Ƙa'idar guda ce: abin da zai narkar da danƙon shi ne zai ɗaga launin. Abubuwa iri biyu ne ke yin haka a cikin gida, wato mai da sifirit.

Mai shi ne ya fi dacewa da yara, kuma babu gidan da ba a samunsa. Man gyaɗa, ko man kaɗanya, ko basilin, ko man zaitun, duk suna aiki. Manja ma zai yi, sai dai yakan bar nasa launin. Ana shafa man a kan tabon da ɗan yawa, a bar shi minti biyu ko uku ya jiƙa tawadar, sannan a murza a hankali da auduga ko tsumma mai laushi. Za a ga baƙin yana komawa jikin tsumman. Wajibi ne a riƙa sauya gefen tsumman, in ba haka ba sai a mayar da tawadar inda aka ɗauke ta, ko ma a baza ta. Daga nan sai a wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Sau da yawa ba ya fita duka a karo na farko. Maimaitawa sau biyu ko uku ya fi dirzawa da ƙarfi. Idan tabon a tafin hannu yake, inda fata ke da kauri da layuka, ana iya zuba ɗan sukari a cikin man, domin ƙwayoyinsa su taimaka wajen kankare matacciyar fatar.

Sifirit ya fi mai sauri, tun da shi ne asalin ruwan tawadar. Wanda ake saya a kantin magani, da man tsabtace hannu da ya shiga makarantu da gidaje a lokacin annobar korona ta 2020, da turaren fesawa, duk suna ɗauke da shi. Ana ɗiga shi a auduga a dangwala a kan tabon, ba a kwarara shi a jiki ba. Amma yana busar da fata, yana kuma yin raɗaɗi a kan ƙurji ko yanka ko fason hunturu. Don haka ba a kai shi kusa da ido ko baki ko hanci, kuma idan an gama sai a wanke a shafa mai. Tabon fuska, musamman na ƙaramin yaro, aikin mai ne kawai.

Akwai masu amfani da makilin ko lemon tsami. Makilin yana ɗan rage tabon saboda gari-garin da ke cikinsa. Lemon tsami kuwa sunansa ya fi aikinsa, domin tsami ba ya narkar da irin wannan danƙo.

Kananzir da fetur da tina suna cire tawadar, babu musu, amma suna ƙona fatar yaro, suna kama wuta, kuma yaron da ya kai hannun baki ko ya shaƙi tururinsu yana iya cutuwa. Ruwan bilic da garin wanki mai ƙarfi su ma suna saɓule fata. Tabon da zai tafi da kansa jibi bai kai a yi masa wannan kasada ba, kada garin neman gira a rasa ido.

Tawadar da ba a so ta fita

Akwai wani alƙalami da ya yi kama da maka, amma aikinsa daban ne, kuma kusan kowane gida a ƙasar Zazzau ya san shi. Shi ne wanda ma'aikatan rigakafin shan-inna ke shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsansa na hagu bayan an ɗiga masa maganin. Irinsa ne kuma jami'an hukumar zaɓe ta INEC ke shafa wa mai jefa ƙuri'a a gindin farce, kamar yadda aka yi a babban zaɓen 2023. Kada a haɗa shi da tawadar dangwale da ake taɓawa da yatsa a dangwala a takardar ƙuri'a. Waccan sabulu ma yana rage ta.

Wannan tawada tana ɗauke da wani gishiri na azurfa da masana kimiyya ke kira silba naitiret. Ba mannewa take yi kawai ba, haɗuwa take da fata da farce, kuma idan haske ya taɓa ta sai ta ƙara duhu. Shi ya sa mai da sifirit ba sa tasiri a kanta, iyakarsu su ɗauke launin shuɗi-shuɗin da ke sama. Ƙasar Indiya ce ta yi fice wajen haɗa ta, kuma kamfanin Mysore Paints and Varnish yana samar da ita don zaɓukan ƙasar tun 1962. Wadda ke kan fata takan tafi idan fatar ta sabunta, ta kan farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke, alhali farcen hannu bai wuce tsiron kimanin milimita 3 a wata ba. Matan da ke ƙunshi sun san wannan: sinadarin da ke cikin ganyen lalle shi ma haɗuwa yake da fata, don haka jan tafin hannu kan ɓace cikin makonni, na farce kuwa ya yi watanni yana hawa sama.

Alamar rigakafi shaida ce. Da ita masu bin sawu ke gane yaron da aka yi wa da wanda aka tsallake, a gida ko a kasuwa ko a makaranta. An ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan-inna ta kama a Nijeriya a jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita, amma an ci gaba da zagayen rigakafin saboda wani nau'in ƙwayar da ya rikiɗe. Don haka idan malami ya ga baƙi-baƙi a ɗan yatsan ɗan ajin share fage, ya fara tambaya ko masu rigakafi sun zo unguwarsu. Idan su ne, sai ya bar alamar yadda take, ya kuma hana yara yi wa junansu irinta da alƙalamin aji, domin yaron da ke ɗauke da alamar ƙarya ana iya wuce shi ba tare da an ɗiga masa maganin ba.