Bayan "Na Sake Ki": Ina Uwar 'Ya'ya Za Ta Samo Lauya?

DUK mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar: maigida ya fusata, ya jawo biro da takarda, matar ta fashe da kuka, sai ga ta da akwati a ka da yara a bayanta. Daga nan darakta ya yanke, a shiga waƙa. Abin da ba a cika nuna mana ba shi ne wa zai ci da yaran nan, wa zai biya kuɗin makaranta da na asibiti.

Ko a Alhaki Kwikwiyo, fim ɗin 1998 da aka ɗauko daga littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, haka aka yi. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su, har ranar da alhaki ya kama shi. Labari ya yi daɗi, amma a zahiri ba dole ba ne mace ta zauna jiran alhaki. Akwai kotu, kuma shigar ta ba sai da maƙudan kuɗi ba.

Tun farko ma, ciyar da 'ya'ya ba alfarma ba ce. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewa ke bi, ci da sha da sutura da wurin kwanan yara duk a wuyan uba su ke, ko da yaran na hannun uwarsu. Namiji sai ya balaga, mace kuwa sai ta yi aure ta tare. Saki ya na raba miji da mata ne kawai, ba ya sauke wa uba nauyinsa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2009 sai da ƙungiyar zawarawa ta Hajiya Altine Abdullahi ta shirya zanga-zanga a Kano kan halin da sakakkun mata ke ciki, Hisba ta hana. To amma me ke hana mata da yawa neman haƙƙin 'ya'yansu? Kunya, da gudun a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, sai kuma babban dodon: kuɗin lauya.

Abin da wasu ba su sani ba shi ne a kotun Shari'a mace na iya shigar da ƙara da bakinta, ba tare da lauya ba. Za ta je wurin rajistara ta faɗi kokenta, ta biya kuɗin sammaci, ta karɓi rasit, a kira tsohon mijin. Alƙali zai duba ƙarfin mutumin da buƙatar yaran, ya yanka abin da zai riƙa bayarwa. In ya daina biya, sai ta koma kotun da ta yi hukuncin. Kafin a kai ga haka ma, a Kano Hukumar Hisba kan zaunar da iyaye ta yi sulhu. Sai dai Hisba ba kotu ba ce. In namijin ya turje, gaban alƙali za a nufa.

Lauya kan zama dole idan shi mijin ya ɗauko nasa, ko ya ɓoye abin da yake samu, ko ya ɗaukaka ƙara. A nan ma akwai ƙofofin bugawa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ta kafu a Nijeriya tun 1964, na tsaya wa mata da yara marasa ƙarfi kyauta. Haka ma WRAPA, da aka kafa a 1999. Akwai kuma Hukumar Legal Aid, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don talakan da ba zai iya ɗaukar lauya ba, ta na da ofis a jihohi, inda ake ba da shawara da yin sulhu. Dokarta ta 2011 ta ce gatan na wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ne, wanda aka mayar N70,000 a 2024. Tsangayoyin koyar da aikin lauya na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello su ma suna da ofishin ba da shawara kyauta.

Ko ina za ta je, kada ta tafi hannu rabbana. Ta riƙe takardar saki, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na magani, da shaidun da suka san sana'ar mutumin. In lauya mai zaman kansa ta samu, a yi cinikin kuɗinsa tun farko a rubuce, ta tambaya ko zai karɓa kaɗan-kaɗan. Ta kuma yi hattara da 'yan kamashon bakin kotu masu cewa sun san alƙali. Su ba lauyoyi ba ne.

Saura ƙalubale ga marubuta da furodusoshinmu. An gaji da ganin sakakkiyar mace ta na kuka a ɗakin uwarta har ƙarshen fim. Ranar da aka nuno ta a gaban rajistara da rasit a hannu, mata da yawa da ke kallo za su gane hanyar da za su bi.