Yadda garkuwar jiki ke cin ƙashi

Ƙashin mai rai ba busasshen abu ba ne irin wanda muke gani a teburin mahauci. Kullum ana cikin kankare shi ana sake gina shi, kamar gidan ƙasa da ake ɓamɓare wa tsohon yaɓe a shafa sabo kafin damina. Ƙwayoyin halitta iri biyu ke wannan aiki: masu kankara, wato ostiyokilas, da magina, wato ostiyobilas. Muddin aikinsu ya yi daidai wa daida, ƙashi na nan da ƙarfinsa.

Masu kankarar nan kuwa dangin sojojin garkuwar jiki ne, tsatsonsu ɗaya a cikin ɓargo. Ba sa kama aiki sai an kira su, kuma a 1997 da 1998 aka gano sinadarin da ke kiran, RANKL. Akwai wani kuma, OPG, mai tare shi a hanya.

A cutar amosanin gaɓɓai mai kumburi, garkuwa ce ke afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa. Ɗakin binciken Hiroshi Takayanagi a Tokyo ya nuna a 2006 cewa wasu sojoji, Th17, suna fitar da IL-17, wanda ke sa tantanin ya yi ta zubo RANKL. Wani sinadarin kumburi, TNF, ya ƙara iza wutar, ya kuma daƙile magina. Kankara ta yawaita, yaɓe ya tsaya. A hoton asibiti sai ka ga gefen ƙashin yatsa kamar ɓera ya gurgure shi.

Tun 1992 Marc Feldmann da Ravinder Maini suka gwada toshe TNF a jikin marasa lafiya a Landan, kumburi ya sauka, daga baya aka tabbatar zaizayar ma tana raguwa. Amma denosumab, maganin da ke toshe RANKL, ya fi koyar da ni: yana rage cin ƙashi, kumburi da zafi kuwa suna nan.

Ashe raɗaɗi daban, ɓarna daban. Shi ya sa nake damuwa da wadda ke tashi da asuba yatsun hannu biyu sun sage fiye da awa guda, ta ce sanyi ne, ta sha maganin zafi ta ci gaba da daka. Zaizayar kan fara ne cikin shekara biyun farko, kuma gurbin da aka ci da wuya ya sake cika.