Sassaƙa Akushi da Kayan Girki da Injin Murza Itace

Gabatarwa

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Da gizago iyayenmu suke fitar da akushi, muciya, turmi da taɓarya. Injin murza itace yana sauƙaƙa wannan aiki: ana ɗaure gungume a jikinsa ya riƙa juyawa, kai kuma kana riƙe da ƙarfen sassaƙa kana fitar da siffa. Aiki ne da manomi zai iya yi da rani, don nishaɗi ko don ƙarin abin masarufi. Sai dai yawan asarar da sabon hannu yake yi daga abu biyu take fitowa, wato mummunan zaɓen itace da gaggawar busarwa.

Zaɓen Itace

Ɗanya tana da sauƙin sassaƙa, kuma da ita aka saba yin akushi. Malaina da tsohon mangwaro su ma sun dace. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, ta fi dacewa da turmi da taɓarya. Kada ka yi amfani da gwaska domin tana da guba. Maɗaci da dogon yaro suna da ɗaci, don haka a bar su ga abin da ba ya taɓa abinci. Ka guji katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai.

Fara neman itacen da iska ta kayar ko manyan rassan da aka sare. Kafin ka sare bishiya mai rai, nemi izini daga jami'in gandun daji, sannan ka dasa wata a madadinta. Ka bar kaɗanya da ɗorawa a gona, amfaninsu a tsaye ya fi kuɗin akushi. Madobiya kuwa ta yi ƙaranci saboda yawan sara, har yarjejeniyar CITES ta sanya ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a taronta na 2016.

Dalilin Tsagewa

Yayin da ɗanyen itace yake bushewa yana motsewa, amma ba daidai a kowane ɓangare ba. Motsewarsa ta kewaye ta kusan ninka ta daga ɓawo zuwa tsakiya sau biyu. Wannan ne yake sa tsaga ta taso daga cibiyar gungume ta nufi waje. Haka kuma ruwa ya fi saurin fita ta bakunan da aka yanka, sai su bushe su tsage alhali ciki yana jiƙe. Iskar hunturu tana ƙara tsananta wannan.

Matakan Aiki

1. Raba gungumen biyu a tsaye, ka cire cibiyar gaba ɗaya. Kowane rabi zai ba ka akushi ɗaya.
2. Shafa wa bakunan kakin zuma ko fenti a ranar da aka yanka. Wannan wuri za a sassaƙe shi daga baya.
3. Yi sassaƙar farko tun itacen yana ɗanye. Bar kaurin bango ya zama kashi 1 cikin 10 na faɗin akushin. Akushi mai faɗin santimita 30 a bar masa kaurin santimita 3.
4. Saka shi cikin buhun takarda tare da dusar da ta fito daga jikinsa, ka ajiye a inuwa inda iska ba ta bugawa. Kada ka shanya shi a rana.
5. Auna shi a sikeli kowane mako biyu, ka rubuta. Idan nauyin ya daina raguwa, ya bushe. Wannan yakan ɗauki watanni.
6. Za ka tarar ya ɗan karkace. Mayar da shi kan inji ka daidaita shi, ka rage kaurin, sannan ka goge da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Kiyaye Lafiya

Gwargwadon girman gungume, gwargwadon rage gudun inji. Akushi mai faɗin santimita 30 kada ya wuce juyi 750 a minti, kuma da ƙaramin gudu ake farawa. Juya gungumen da hannu kafin ka kunna, ka tabbata ya ɗauru kuma ba ya taɓa komai. Kada ka ɗora itace mai tsaga. Tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun riga, domin inji yana fizgar tufafi. Sanya garkuwar fuska da takunkumin hanci, kuma ka nisantar da yara. Ƙarfe ya kasance da kaifi, domin dakusasshe shi ne yake sarƙewa.

Shafe da Kulawa

Kada fenti ko banish su shiga cikin abin cin abinci. Man gyaɗa yakan yi hamami idan ya daɗe a jikin itace. Narka kakin zuma da farin man farafin na sha, wanda ake samu a kantin magani, ka shafa ka goge. Shaida wa mai saye kada ya jiƙa akushi ya kwana a ruwa. A wanke, a kife a inuwa.

Kira ga Malaman Gona

Inji yana da tsada ga mutum ɗaya. Ku ƙarfafa wa manoma gwiwa su haɗa ƙungiya su saya tare, ku kuma gayyato masassaƙan gari, domin su ne suka san halin kowane itace na yankinku.