Ingancin Harsashi da Zaɓen Kaurinsa wajen Harbin Zomaye a Birtaniya da Ostireliya

1.0 Gabatarwa

A Hausa, kalmar "zomo" ta haɗa dabbobi biyu. Akwai na daji mai dogayen ƙafafu, wanda yake kwanciya a cikin ciyawa ba tare da ya haƙa rami ba, akwai kuma na gida da ake kiwo. Shi na gidan asalinsa zomon Turai ne, wanda yake haƙa ramuka ya zauna garke-garke, kuma macensa takan haihu bayan kimanin kwana 30 da ɗaukar ciki. A Birtaniya da Ostireliya wannan zomo yana rayuwa a daji, ya kuwa zame wa manoma alaƙaƙai, domin yana cinye shuka da ciyawar dabbobi, ramukansa kuma suna haddasa zaizayar ƙasa. Harbi yana daga cikin hanyoyin rage yawansa. Wannan darasi zai yi bayani a kan irin harsashin da ake amfani da shi, da dalilin da ya sa ake ba ingancinsa muhimmanci.

2.0 Tushen Matsalar

A shekarar 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomayen da aka kawo masa daga Ingila a gonarsa da ke jihar Biktoriya ta Ostireliya, don ya riƙa farauta. Cikin shekaru kaɗan suka hayayyafa, daga baya kuma suka mamaye yawancin nahiyar. Tsakanin 1901 da 1907 aka kafa shingaye masu tsawon fiye da kilomita 3,000 a yammacin ƙasar, amma ba su tsayar da su ba. A 1950 aka saki cutar mikzomatosis, wadda ta kashe miliyoyinsu, sai dai waɗanda suka tsira sun haifi masu jure mata. Cutar ta shiga Birtaniya a 1953, sannan a 1954 aka yi dokar da ta ɗora wa masu gonaki alhakin rage zomayen da ke filayensu. Saboda haka har yau ana harbin zomo a ƙasashen biyu, kuma sai da lasisin hukuma ake riƙe bindiga mai aiki da alburushi don yin sa.

3.0 Ƙirar Harsashi

Harsashi yana da sassa huɗu: kwanso, da alburushi, da dalmar da ke fita daga bakin bindiga, da kuma sinadarin kunnawa, wanda yake aiki kamar ƙyastu. Idan aka ja kunama, wata ƙusa ce ke dukan kwanson, sinadarin ya kama wuta, ya kunna alburushi, iskar da ta taso kuma ta tura dalmar waje.

Harsasan harbin zomo galibi masu kunnuwa ta gefe ne. Wato ana zuba sinadarin kunnawa a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanso, maimakon a tsakiyarsa kamar yadda ake yi wa manyan harsasai. Wannan ƙira ta sa suke da araha, ita ce kuma tushen rauninsu, kamar yadda za a gani a gaba.

Kaurin harsashi kuwa ana auna shi da inci. Lambar .22 tana nufin kimanin kashi 22 cikin 100 na inci, wato milimita 5.6, ita kuma .17 tana daidai da kimanin milimita 4.4.

4.0 Manyan Nau'o'i Biyu

Na farko shi ne .22 LR, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fitar a 1887. Nauyin dalmarsa yawanci giram 2.6 ne. Maharban zomo sun fi son nau'insa mai gudun kimanin mita 320 a daƙiƙa, domin bai kai gudun sauti ba, wanda yake kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan aka sa wa bindiga na'urar rage ƙara, harbin ba ya firgita sauran zomaye, ba ya kuma damun maƙwabta. Yana da araha, kuma ba ya ɓata nama. Aibinsa shi ne saurin sunkuyawa: idan aka saita bindiga a kan mita 50, dalmar takan faɗo ƙasa da kimanin santimita 20 kafin ta kai mita 100. Haka nan takan daki ƙasa mai tauri ko dutse ta kauce zuwa wani wuri, kuma idan aka harba ta sama tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Na biyu shi ne .17 HMR, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2002. Dalmarsa giram 1.1 ce kacal, amma tana gudun kimanin mita 775 a daƙiƙa. Saboda wannan gudu, tafiyarta kusan miƙe take har zuwa mita 100 da ɗan ɗoriya. Mutane da yawa sukan zaci iska za ta fi karkatar da ita saboda rashin nauyi, alhali a tazarar mita 100 ta fi dalmar .22 LR jure iska, domin ba ta daɗewa a hanya. Takan kuma tarwatse idan ta daki abu, wanda ya rage haɗarin kaucewa, ko da yake bai kawar da shi baki ɗaya ba. Sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba, ƙararsa ba ta ɓoyuwa tunda ya zarce gudun sauti, kuma idan ya sami zomo a jiki yakan dagargaza naman.

5.0 Matsalolin Inganci

Akwai hanyoyi huɗu da harsashi yake gazawa. Ta farko ita ce ƙin tashi. Wannan yakan faru idan sinadarin kunnawa bai kewaye leɓen kwanso daidai ba, ƙusa kuma ta daki inda babu shi. Ta biyu ita ce jinkirin tashi, wato harsashin ya tashi bayan an riga an ja kunama da ɗan lokaci. Don haka ne ake koya wa maharbi, in bindiga ta ƙi tashi, ya ci gaba da fuskantar da bakinta inda ba kowa har daƙiƙa 30 kafin ya buɗe ta. Ta uku ita ce raunin tashi, inda dalmar take maƙalewa a cikin bututun bindiga. Alamarsa ƙara mai rauni, kuma wanda ya sake harbi ba tare da ya duba ba yana iya kumbura bututun ko ya fasa shi, ya ji wa kansa ciwo. An san wannan matsala a harsasan .17 HMR waɗanda wuyan kwansonsu ya tsage, danshi ya shiga alburushi.

Ta huɗu ta fi sauran ɓoyuwa, ita ce bambancin gudu tsakanin harsashi da ɗan'uwansa a kwali ɗaya. Wurin da ake nufa a kan zomo domin ya mutu nan take bai fi girman goro ba. Idan wani harsashi ya fita da sauri, wani ya fita a hankali, ɗaya zai sami kai, ɗayan ya sauka ƙasa ya karya muƙamuƙi. Zomon da aka raunata yakan shige rami ya mutu a wahalce, wannan kuwa abin zargi ne ga maharbi.

Saboda haka ƙwararru sukan gwada harsasan kamfanoni daban-daban a jikin takarda, domin kowace bindiga da irin wanda ya fi karɓar ta. Idan sun dace da wanda ramukansa suka taru wuri guda, sai su sayi da yawa daga rukunin da aka ƙera tare, su adana shi a wuri busasshe mai sanyi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa wurin harbi da tazara su ne ke yanke hukunci. A ƙaramar gona kusa da gidaje, inda tazara ba ta wuce mita 60, .22 LR ya fi dacewa, muddin akwai tudu ko ƙasa mai laushi a bayan zomon da za ta tare dalma. A fili mai faɗi, inda zomaye ba sa bari a matso su, .17 HMR ya fi amfani. Ko wanne aka zaɓa, sharaɗin bai canza ba: harsashi ya tashi a lokacin da aka so, ya kashe nan take, kuma maharbi ya san inda dalmarsa za ta tsaya kafin ya ja kunama.

Tambayoyi

1. Kawo sassa huɗu na harsashi tare da aikin kowanne.
2. Kwatanta .22 LR da .17 HMR ta fuskar gudu da ƙara da tazara.
3. Me ya sa bambancin gudu yake jawo raunata zomo maimakon kashe shi?