Birkin gaban tsohuwar mota ya yi sanyi: abin da ya kamata ka sani

Idan tsohuwar Fijo 504 kake ja, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko Golf mai jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, wannan magana da kai ake.

Me ya sa sai na gaba?

Da ka taka birki, nauyin mota kan tayoyin gaba yake komawa, su ke yin fiye da rabin aikin tsayawa. Ƙara buhunan gero da fasinja, sai aikin ya ƙaru.

Yaya yake aiki?

Ƙafarka tana danna masta, wato famfon da ke tura man birki ta cikin siraran bututu. Man ne ke matsa kalifa, ƙarfen da ke riƙe da fad, shi kuma fad ya cije farantin taya.

Ina matsalar take?

Ƙafarka za ta gaya maka. Idan birki ya yi laushi, sai ka yi ta bugawa kafin ya kama, iska ce ta shiga bututun ko mai yana yoyo. Makanike zai yi bilidin, wato ya fitar da iskar ta ƙaramin noti a jikin kowace kalifa. Idan ka danne ya riƙa nutsewa a hankali alhali babu yoyo, robar masta ta gaji.

Idan kuwa ya yi tauri amma mota ba ta tsayawa, gwada wannan: kashe inji, taka sau biyar, bar ƙafarka a kai, sannan ka tayar. Ya kamata ka ji ya ɗan sauka. Bai sauka ba? A duba baƙin tulun da ke bayan masta, wanda ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi, da tiyon da ya haɗa shi da inji. Sau da yawa tiyon ne kawai ya tsage.

Motar da ke fizga gefe guda kuma, galibi ƙura da tsatsa sun maƙale kalifa ɗaya.

Ai mai bai ƙare ba, don me zan canza?

Man birki yana shan danshi. Ya tsufa, ya ɗau zafi a gangara, sai ya tafasa, birki ya tafi ƙasa. Canza shi duk shekara 2, ka duba murfin mazubinsa ko DOT 3 ko DOT 4 aka rubuta. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa, da toshe bututun taya ɗaya da ƙusa, ganganci ne da ran fasinja.

Nawa zan kashe?

Mai da bilidin su ne mafi araha, sai fad, wanda ake canzawa biyu-biyu, dama da hagu. Masta da tulun nan sun fi tsada, wataƙila ma sai ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano. Tafi da tsohon da aka cire a hannu don a gwada.