Tsohuwar Tarakta A Jimeta: A Tayar Da Injinta Ko A Sayar?

Jama'ar Adamawa mazauna Ikko da Badun da Anacha, da wuya a rasa wanda ba a taɓa aiko masa daga gida cewa taraktar gidansu ta kwanta ba, ya taimaka da kuɗin gyara. To, kafin mutum ya kwance lalitarsa, ya kamata ya san abin da ake nufi da tayar da inji.

Yawancin tsofaffin taraktocin nan sun shigo ne tun zamanin jihar Gongola, wadda aka kafa a 1976 da hedkwata a Yola. A shekarar nan aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, sa'an nan gwamnatin Shehu Shagari ta biyo da nata shirin noma a 1980. A lokacin ana harhaɗa Steyr a Bauchi, Fiat kuwa a Kano. Ga kuma Massey Ferguson, musamman ƙirar 135 da aka yi daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins na fistan 3. Kanikawa na yabonta domin injinta ba shi da wuyar sha'ani, kayansa kuma ba su ɓace a kasuwa ba.

Abin da ke cin injin nan shi ne ƙura da sakaci. Tarakta tana wuni cikin turɓaya. In matatar iska ta lalace, sai ƙasa ta shige ta riƙa goge ringi da silibi, watau bututun da fistan ke kai da komowa a cikinsa. Daga nan sai inji ya fara shan baƙin mai, yana shuɗin hayaƙi, da safe sai an tura. Amma baƙin hayaƙi sau da yawa laifin nozul ne ko toshewar matata, wannan kuwa bai kai a sauke inji ba. Saboda haka ka fara tambayar launin hayaƙin tukuna.

In ta kama a sauke, bakanike zai warware injin ɗaiɗai, ya wanke, ya auna. Za a sa sabon silibi da fistan da ringi da gasket. Kiranshaf in ya ci, sai a kai wa mai injin wanki ya rage shi, a nemo metal daidai da awon da aka rage. A nan ne ake yawan asara. In an wanke shi zuwa 020 aka sa metal na 010, ko ba a wanke hanyoyin mai ba, ba a daɗewa injin zai buga. Famfon gas da nozul su ma a kai su wurin gwaji, a kuma wanke lagireto, don kada zafin Yola na watan Maris da Afrilu ya ƙone sabon aiki.

Ku da ke kurmi kuna da abin yi a nan, tun da kasuwannin kayan mota na Ladipo da Nnewi suna kusa da ku. Kada ka sayi kome sai an aiko maka da lambar inji da awon kiranshaf. Jabu ya yi yawa, araha kuwa ba ta ado. Ka kuma ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire, ka gani da idonka in ka je gida.

Bayan an haɗa, kada a ɗora mata garma mai nauyi nan take. A lallaɓa ta kamar awa 50, a juye baƙin mai, a sa sabo da sabuwar matata.

Lokacin gyara shi ne rani. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka a watan Mayu zai tarar da gareji a cike, gonarsa a fadamar Binuwai tana jiran huɗa, ga masu haya sun tsawwala kuɗi. In dai gangar jikin injin ba ta tsage ba, giya kuma lafiya lau, gyara ya fi sayarwa, domin sabuwa ta fi ƙarfin talaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.